Ɓarawon da Ya Rufe Taga

Ƙarfe uku da kwata na rana aka ji ihu daga saman gidan abincin Inna Stanka, a tsohon garin Kotor. Sufeto Tripo Marović yana zaune a bakin ƙofa, awa biyu ke nan yana lallaɓa kofin gahawa guda, kamar kowane mutumin kirki a garinmu. Kafin ya motsa, Inna Stanka ta danna wa ƙofar sakata, ta tsaya a kansa.

"Tripo, tashi. An yi sata a gidana kana nan kana ƙirga ƙudaje."

"Aiki nake yi, Inna."

"To ga aikin can sama."

Sufeto ya hau. Mai ihun wani dattijo ne ɗan Norway, Dagfinn, fasinjan ƙaton jirgin ruwan yawon buɗe ido da ya tsaya mana da safe. Ya ƙi bin ayarin da jirgin ke haɗawa da ɗan jagora, wai shi ba tunkiya ba ne. Ya hau matakalar ganuwa har ƙololuwa da tsakar rana, ya sauko sharkaf da gumi, ya ci kifi a ɗakin sama, barci ya kwashe shi a kan benci. Da ya farka babu jakarsa. Fasfo da katin shiga jirgi duk suna ciki, kuma mai gadin tasharmu ko uwarsa ba ya bari ta wuce babu kati. Jirgi zai tashi ƙarfe biyar. Matarsa Solveig tana ciki a keken guragu, shekara shida shi ke ɗaga ta, shi ke kwantar da ita.

"Na ce mata minti talatin zan yi," in ji shi. "In jirgin ya tafi, wa zai kula da ita?"

Tausayinsa ya kama Sufeto, amma bai nuna ba. Ya dubi ɗakin.

"Haka ka tarar da tagar nan a rufe?"

"A'a, ni na buɗe ta, na buɗe ƙofa, don iska ta ratsa. Da na farka na gan ta a rufe. Kuma wani ya lulluɓe mini wuya da wannan." Ya ɗaga mayafin tebur.

Sufeto ya daɗe yana kallon mayafin. Kowa ya san iskar da ke ratsa ɗaki in an buɗe taga da ƙofa tare, wadda muke kira promaja, ita ke sanƙarar da wuya, ta karkace baki, ta kai mutum kabari. Baƙi ne kawai ba su sani ba, Allah dai ke tsare su.

Ya sauko ya fara da na gida. Inna Stanka shekara goma gwiwoyinta ba su taɓa matakalar nan ba. Sai Krsto, mai kai wa baƙi abinci a gidan.

"Krsto, ina kake tun ƙarfe biyu?"

"A kanka nake tsaye, ranka ya daɗe, kana ce mini golan namu makaho ne."

"Makahon ne kuwa. Jeka."

Saura baƙi biyu da suka hau sama neman ban-ɗaki, kowanne da igiyar katin jirgi a wuya. Madam Irmgard, Bajamushiya, ta zazzage jakarta a tebur tun ba a tambaye ta ba: ruwa, taswira, man shafawa. Na biyun, Mista Randy, mai malafa da gajeren wando da ƙatuwar jakar goyo, ya ce shi Ba'amurke ne, kuma duk wanda ya taɓa masa jaka zai ji daga ofishin jakadanci. Sufeto ya taɓa jin daga ofishin jakadanci sau ɗaya, bai ji daɗi ba. Ya saci kallon kofin gahawar Mista Randy. Tun ɗaya da rabi aka kawo shi, har yanzu da saura rabi.

Ƙarfe huɗu da minti goma. Sufeto ya ce kowa ya hau sama a rubuta bayani. Ya zaunar da baƙin biyu a benci, ya ɗaure wuyansa da hankici, ya yi addu'a a zuci, sannan ya wangale taga, ya wangale ƙofa.

"Tripo, ka haukace?" Inna Stanka ta ƙwala daga ƙasa. "Kana da 'ya'ya fa!"

Iska ta taso daga teku ta ratsa ɗakin. Madam Irmgard ta lumshe ido, ta ce ai tun safe ba ta ji daɗi irin wannan ba. Mista Randy ya noƙe wuya. Ya ɗaga kwalar riga. Ya matsa ƙarshen benci, Sufeto ya ce ya dawo tsakiya. Sufeton kansa ya fara jin kunnen hagu na suka, amma ya daure, yana rubuta sunan Madam harafi-harafi, yana gogewa yana sakewa.

Minti bakwai Ba'amurken ya iya. Sai ya yi zumbur ya miƙe, ya fashe da yarenmu tsantsa:

"Don Allah a rufe tagar nan! So kuke ku kashe mu?"

Sufeto ya rufe ta da sauri, don shi ma ya kai maƙura.

"Daga wace jihar Amurka, ɗan'uwa?"

"Tivat, nan maƙwabtanku," in ji shi, kansa a ƙasa. "Vuko ne sunana."

Jakar Dagfinn tana cikin jakar goyon. Igiyar wuyan Vuko kuwa katin wankin mota ne a jikinta.

"Baƙo ba ya rufe taga a wannan zafin," Sufeto ya bayyana wa Dagfinn. "Wanda ya lulluɓe ka namu ne. Inna ba ta hawa, Krsto yana tare da ni. Saura mutum ɗaya da ya iya sace jaka amma ya kasa tafiya ya bar gahawarsa."

"Mutum na barci da gumi a cikin promaja," in ji Vuko da fushi. "Ni ɓarawo ne, ba mai kisan kai ba."

Sufeto ya damƙa shi hannun Inna Stanka, wadda ta fi kowane ɗakin tsaro, ya ja Dagfinn suka kutsa lunguna da gudu. Biyar saura minti huɗu suka iso tashar, ana shirin janye gadar jirgi. A bakinta ma'aikatan jirgi uku suna fama da wata tsohuwa a keken guragu, akwatuna biyu a cinyarta, ta ja birki ta ƙi komawa ciki.

"Solveig! Ina za ki?"

"Sauka zan yi, mana," in ji ta. "Minti talatin na bar ka kai kaɗai, dubi yadda ka koma. Wa zai bar ka a ƙasar mutane?"