Mazaunin Kwamfutar Alhaji Muhuyi

Rana ta yi ja a kan rufin gidajen Zongo, masu tuyar doya sun fara hura wuta, lokacin da Hajiya Lantana ta dawo daga rumfarta ta atamfa a kasuwar Dantokpa, ta tarar da ɗakin marigayi mijinta a buɗe. Tun rasuwar Alhaji Muhuyi ba a cika shiga ɗakin nan ba. A ciki akwai tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, lulluɓe da darduma, wadda yakan naɗi karatunsa na Alƙur'ani a cikinta duk watan azumi.

'Yarta Mounira ce zaune a gabanta, da sabuwar kwamfutar cinya a gefe. Ta ce tsohuwar ta kusa mutuwa, gara a kwashe muryar Baba tun da wuri. Tana soka ɗan kile, abin nan da ake zuba fayil a ciki, ta zare daga wannan ta soka a waccan. Lantana ta tuna mata magariba ta kawo jiki, kuma abin da ya daɗe a rufe ba a taɓa shi sai da sallama da bisimilla. Mounira ta yi dariya, ta ce inji ne fa, ba kango ba. Don kada ta rikice, duk abin da ta kwashe sai ta goge shi daga tsohuwar. Ana kiran salla ta gama, ta bar ta wayam.

Suna tsakiyar salla dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo. Lantana ta sallame ta leƙa tsakar gida, babu kowa, sai duwatsu jiƙaƙƙu masu warin ruwan ƙarƙashin gada. Washegari da almuru aka sake, har maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Daga nan Mounira ta bar cin abinci. Sai ta wuni a ɗakin mahaifinta, kunnenta manne da tsohon injin, tana shafa shi kamar mai lallashin jariri. Ranar da Lantana ta dafa kafaɗarta, yarinyar ta juyo da idanun da ba nata ba, ta ce da wata murya mai kauri, "Ina kuka kai shi?"

Lantana ko mayafi ba ta gyara ba, ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, zuwa unguwar Tokpa-Hoho, ta ɗauko Malam Abdulƙahar, dattijon da aka sani da ruƙiyya.

Malam ya zauna a bakin tabarma, ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi nauyi. Mounira ta sandare, sannan muryar ta fito, ta ce shi aljani ne amma ba ɓarawo ba ne, shi aka yi wa sata. Ya ce daga ƙarƙashin gadar Akpakpa ya taso shekarun baya, ya ji karatun Alhaji, ya musulunta, ya tare cikin akwatin nan don ya kasance kusa da muryar. Bayan mai gida ya rasu, muryar da aka naɗa ita ce abincinsa kowace magariba. Sai ga yarinya ta kwashe masa gida ko sallama babu.

"A maido mini, kuma kada kowa ya riƙe," in ji shi. "In ba haka ba, yau zan tafi da ita ruwa."

"A ba shi, Allah gafarta Malam," Lantana ta ce. "Duka. A bar mini 'yata."

Ta faɗa ne tana sane da cewa naɗaɗɗiyar muryar nan ce kaɗai abin da ya rage mata na mijinta.

Malam ya sa aka kawo kyandir biyu, ya kunna ɗaya, ya kunna na biyun daga na farkon, ya tambayi aljanin wanne ne ya ragu. Babu wanda ya ragu. Malam ya ce haka karatu yake, haka kuma aikin injin nan yake: ana iya zuba masa nasa ba tare da an hana marayu nasu ba. Amma duk gidan babu mai iya wannan sai yarinyar da ya ɗaure.

"Hannuwanta kawai zan saki," in ji muryar.

Abin da Lantana ta gani nan bai taɓa barin idonta ba. Fuskar ta baƙo ce, tana kallon bango, hannuwan kuwa na Mounira ne, suna soka kile, suna latsawa, suna jira. Da aka gama, gyaran muryar Alhaji Muhuyi ya fito daga tsohon injin, sannan bisimilla. Hawaye suka zubo daga idanun da ba na Mounira ba.

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa cewa ba zai sake taɓa yarinyar ba. Shi kuma ya roƙi kada a sayar da akwatin, kuma mai shiga ɗakin ya yi sallama. Mounira ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a cinyar uwarta, ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Bayan makonni, wata magariba aka ɗauke wuta a Zongo duka. Lantana na wucewa ta ƙofar ɗakin da fitila a hannu, sai ta ji karatu na tashi ƙasa-ƙasa daga cikin duhu. Ta tsaya. Ta yi sallama. Karatun ya dakata, daidai tsawon amsa sallama, sannan ya ci gaba.