Akwatin da Kalilu Ya Ƙara wa Jirgi

Da yammacin wata Laraba, rana ta yi ja tana neman faɗuwa, Sakinatu na tsugune a tsakar gida tana yanka albasa, 'yarta Rauda na hura wuta. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ƙwas, ya gangaro ya tsaya gaban turmi. Katantanwa ce irin ta gulbi, jiƙe sharkaf, da laka a bakinta. Sakinatu ta dube ta, ta ci gaba da yanka albasarta.

Kada ku ga laifinta. Gidan Kalilu masunci, can ƙarshen gari a Argungu inda katangar baya ke kallon gulbi, gida ne da mamaki ya daina shiga tun daminar bara. A daminar ne ruwa ya ci babban ɗansu, Faruku. Jirgin nasu ƙarami ne, na katako, gadon uba, aka ɗaura masa injin da ya fi ƙarfinsa. Nauyin inji da na mai tuƙi suka taru a baya, gindin jirgin ya riƙa zama cikin ruwa kamar tsohuwa a kujerar tsuguno. Ranar da gulbi ya cika, igiyar ruwa ta hau ta bayan nan ta shiga. An sami jirgin washegari a cikin ciyawa, an tsamo injin. Yaron kuwa aka yi ta nema har aka gaji, aka yi zaman makoki ba gawa.

Faruku ɗan fari ne, saboda haka Sakinatu ba ta taɓa kama sunansa ba. Yana raye, "wancan" take ce masa. Da ya tafi sai ta rasa sunan da za ta yi kuka da shi, ta bar kukan. Kalilu kuma maganarsa duk ta koma kan abu guda: gindin jirgi. In an gaishe shi, gindin jirgi. In an yi masa gaisuwar rashi, sai ya ce da bayan ya ɗan ɗaga da ba haka ba.

A nan Zayyanu mai walda ya shigo labarin. Mutumin Badariya ne a Birnin Kebbi, ƙyauren gidajen unguwar Gesse yake ƙerawa, kuma ban ji wanda ya taɓa ganinsa cikin jirgi ba. Amma ya ga abin a wayarsa, wanda a zamanin nan daidai yake da ya yi karatunsa. Ya ce akwati za a yi na ƙarfe, rufaffe ruf, a ɗaure shi a gindin jirgin, jirgi ya ƙara tsawo, inji ya koma kan akwatin. Iskar da ke ciki ita za ta ɗaga bayan. Sharaɗinsa guda ne, kada a bar ko kafar allura. Kalilu ya ce a sa ƙarfen da ya fi kowane kauri.

Aka haɗa akwatin a bayan gida, saura murfi, sai wutar Nepa ta ɗauke. Akwatin ya yi kwanaki a gindin katanga, bakinsa buɗe, cikinsa duhu da sanyi. Ranar da wuta ta dawo, ta dawo ne daidai ladan na kiran magariba.

"Bari mu yi salla tukuna," in ji Kalilu.

"Baba Kalilu, salla tana jiranmu, Nepa ba ta jiran kowa. Riƙe min nan."

Tsofaffin bakin gulbi sukan ce duk abin da ke da ciki, ko tulu ne ko rumbu, in ya kwana a buɗe, a ƙwanƙwasa a yi bismilla kafin a rufe. Zayyanu bai ga wannan a wayarsa ba. Kalilu ya sani, amma hankalinsa na kan murfi. Aka liƙe.

Gaskiya akwatin ya yi aiki. Da aka gwada da safe, bayan jirgin ya ɗaga, inji ya zauna daram, masunta suka tsaya bakin gaɓa suna cewa ai su ma sun taɓa tunanin haka. Kalilu bai yi murmushi ba. Ya dai ji wani ɗan bugu daga cikin akwatin in ya kashe inji, ƙwan, ƙwan, a hankali. Ya ce ƙarfe ne ke shan rana.

Da yammacin ranar ne katantanwar nan ta faɗo.

Washegari suka zo da yawa. Da rana ta kusa faɗuwa sai kwanon ɗaki ya ɗauki ƙara kamar ana zubar ƙanƙara, tsakar gida ta cika da katantanwa da warin laka. Maƙwabta suka hau katanga suna neman mai jifa, ba su ga kowa ba. Sakinatu ta share, ta zuba wa agwagi. Sannan murya ta fara, daga bayan katanga, muryar mace mai kiran yaro ya dawo gida dare ya yi. Ba a jin sunan da take kira. Ana dai jin ta daɗe tana kira, muryar ta dishe.

Sai abin ya faɗa kan Rauda. Budurwa ce mai surutu a da, ita kaɗai ta rage mai motsa gidan. Ta daina ci. Ta daina amsawa. In la'asar ta yi sanyi sai ta miƙe, idanunta buɗe ba ta ganin kowa, ta nufi ƙofar baya. Ran nan a ruwa aka tsamo ta, ya kai mata ƙirji, tana tafiya kamar mai zuwa kasuwa.

Kalilu ya dube ta kwance a tabarma, zanenta na ɗiga. Ya ce, "A riƙa rufe ƙofar."

Sakinatu ta ce, "Malam, ita ɗai ta rage muna."

Da asuba ya hau mota zuwa Birnin Kebbi ɗauko malami.

Malam Abdussamadu ɗan ƙaramin tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Bai zo da komai ba sai carbi da buta. Ya iso bayan la'asar, ya kewaya gidan, ya ɗauki katantanwa guda ya sansana, ya ajiye. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Sakinatu ta riƙe kafaɗun 'yarta. Ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai yi wa kansa tilawa.

Inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Agwagi suka yi tsit. Can sai Rauda ta ɗago kai, bakinta ya buɗe, muryar nan ta bayan katanga ta fito.

"Ya isa, tsoho. Ba gudu zan yi ba."

"Ke wace ce?"

"Laure. Gulbin nan muke tun kakan wanga mutum bai iya riƙe filafili ba."

"Mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Ɗiyar mutane," in ji muryar, a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Nawa fa? Ɗan katantanwa ne?"

Malam ya gyara tabarau. "Yi bayani."

"Kun aje ɗaki mai sanyi bakin hanya, ba ƙofa, ba mai shi. Yaro ya shiga ya yi barci. Kunka zo da wuta lokacin da ko kaza ta san ta shige, ba sallama, ba ƙwanƙwasawa, kunka rufe. Ƙarfe ba mu ratsa shi. Na yi jifa, kun share. Na yi kira, kun toshe kunne. Shina ciki, ina jin shi. Jiya da ƙarfi yake bugu. Yau sai na kasa kunne."

Kan Rauda ya juya, idanun suka tsaya kan Kalilu, wanda ke tsaye jikin turmi kamar an kafa shi.

"Kai, mai jirgi. Ka san yadda ake jin ɗanka na can cikin abu, kana bisa, ba ka iya kai hannu?"

Leɓen Kalilu ne kawai ya motsa.

"Laifi an yi miki," in ji Malam Abdussamadu, "amma ba yarinyar ga ta yi shi ba. Fita, a buɗe miki."

"Buɗe, in fita."

"Ba haka aka yi ba."

"Ni ma ba haka aka yi min ba. Ga jan sama can. In ya ɓace ban ga ɗana ba, ni da ita mu sauka ƙasan gulbi. Ɗa da ɗa, babu wanda ya cuci wani."

Suka yi ta ja, malam na karatu tana nishi, tana nishi tana maimaita maganarta. A ƙarshe ya sa ta rantse da wanda ya halicce su duka cewa da zarar yaron ya fito za ta fita, ba dawowa, ba aiko da dangi. Ita kuma ta ce kada a kawo wutar walda kusa da akwatin, za ta ƙone shi. Wannan sharaɗi bai wahalar da kowa ba, don Nepa ta ɗauke tun safe, Zayyanu kuma tunda ya ji ana jifa wayarsa ta daina shiga.

Kalilu ya ɗauki guduma da kurfi ya fita ta ƙofar baya. Ya ja gindin jirgin kan gaɓa, ya durƙusa, ya ɗora kurfi a saman akwatin inda ruwa ba ya kaiwa. Ya buga. Kurfin ya zame, ko tabo babu. Shi ne fa ya ce a sa mai kauri.

Ya yi ta bugu. Daga cikin gida ana jin ƙarar, ana jin karatun malam, ana jin Sakinatu na kokawa da jikin da ke neman miƙewa. Jan sama ya fara komawa toka. Guduma ta sami babban yatsansa, jini ya zubo kan ƙarfe, bai duba ba. Ya tsaya ya kasa kunne. Shiru. Ya manna kunnensa jikin akwatin, sai can ya ji, ƙwan, ƙasa-ƙasa.

"Yi haƙuri," ya ce wa ƙarfen. "Ga ni nan. Yi haƙuri, ɗan nan, ga ni nan."

Masu leƙe ta katanga sun ce ba su san da wa yake magana ba. Ni ina jin shi ma bai sani ba.

Saura ɗan zare na ja a sama kurfin ya nutse. Wata iska mai ɗumi ta fito ta kafar, siririya, ta shafi fuskarsa, ta bi ta kan ruwa ta bar ɗan layi kamar na kifi. A tsakar gida Rauda ta yi wani dogon numfashi.

"Ya fito," in ji muryar. "Ya rame."

Kalilu ya shigo, guduma a hannu, jini na ɗiga. Ya tsaya gaban tabarma. "Ke da ke ƙasan gulbi," ya ce, "ko kin ga..."

"Kalilu!" Malam ya daka masa tsawa. "Ba a tambayarsu wannan. Naka shina hannun Allah. Ke kuma kin rantse, tahi."

Idanun suka daɗe a kan Kalilu. Sannan suka lumshe. Rauda ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta faɗa ƙirjin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta ce, da muryarta ta kullum, "Inna, mi ya sami hannun Baba? Kuma yunwa nike ji."

Malam ya yi salla, ya ci tuwo, ya ce a riƙa bismilla kafin a rufe ko da tukunya ce, ya tafi. Kalilu ya sassaƙa ɗan itace ya toshe kafar. Har yau tana nan, duk mai shakka ya je Argungu ya duba. Zayyanu ma yanzu duk akwatin da ya ƙera sai ya bar masa kafa da marfi, yana cewa dabararsa ce, don a riƙa tsiyaye ruwa.

Washegari da yamma, Sakinatu na yanka albasa, Rauda na hura wuta tana ba da labarin da ba mai saurara. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ba ƙwas ya yi ba, tim ya yi. Ya gangaro ya tsaya gaban turmi.

Takalmin roba ne, ƙafa ɗaya, cike da laka. An ɗinke igiyarsa da zaren koma, ɗinki mai kyau, irin na uwa.

Sakinatu ta ajiye wuƙa. Ta ɗauke shi, ta share lakar da bakin zanenta, a hankali, har ta ga ɗinkin, na hannunta ne. Kalilu ya fito daga ɗaki ya tsaya. Ladan ya fara kira.

"Faruku," ta ce.

Maƙwabta sun ce har ƙarshen unguwa aka ji kukan, kuma ba wanda ya shiga ya ba ta haƙuri. Aka bar ta ta yi.