Ɗigon Magani a Ƙeyar Kinako

"Kinako! Kinako, kalle ni mana... wayyo ni!"

Chizuru ta zube kan tabarmar falon. Kyanwar na kwance bakin ƙofar lambu, kunnuwanta sai fizga suke yi, yawu na dalala daga bakinta, jikinta na karkarwa kamar wadda aka tsamo daga ruwan ƙanƙara.

Da safen nan ta ɗiga mata maganin ƙuma a ƙeya.

Kuma kyanwar ba tata ba ce. Ta tsohuwa Kuwabara ce, mahaifiyar saurayinta Tomoharu, matar da tun rasuwar mijinta ba ta da abokin hira sai Kinako. Tsohuwar ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba: Chizuru bazawara ce, 'yar masunta daga tsibiri, ga shi ta girmi ɗanta. Da ƙyar Tomoharu ya lallashe ta ta bar Chizuru a gidan ta kula da kyanwar yau, su kuma suka tafi haikalin Fukuyama bikin tunawa da mahaifinsa.

Chizuru ta kira asibitin dabbobi tana kuka.

"Ki wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke," in ji likitan. "Ki naɗe ta da tawul ki taho yanzu. Ki zo da mazubin maganin."

Haka ta gangaro matakalar unguwar da gudu cikin yayyafin damina, da silifas ɗin cikin gida a ƙafarta.

Likitan ya shige da Kinako. Da ya fito, sai ya ɗaga ɗan mazubin robar, ya nuna mata ƙananan rubutun da ke bayansa.

"Na karnuka ne. Abin da ke kashe ƙumar kare a cikinsa guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya tace shi. Ko na kyanwa ma akwai wadda ba ya karɓarta, balle wannan."

"Za ta rayu?"

"Na yi mata allurar tsayar da jijjigar, na sa mata ruwa. Sauran sai jira."

Chizuru ta zauna a benci. Fuskar Natsuko ce kawai ke yi mata gizo, kyakkyawar maƙwabciyar nan da tsohuwa ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awarta. Ita ce ta leƙo ta katanga da safe, ta ga Kinako na susa, ta miƙo mazubin babu kwali, tana murmushi.

"Ki ɗiga mata, duk ɗaya ne. Mama Kuwabara za ta ji daɗi ta dawo ta tarar kin raba ta da ƙuma."

Ita kuwa Chizuru, saboda zumuɗin a yabe ta, ko juya shi ba ta yi ba.

Da la'asar ƙofa ta buɗe. Tomoharu ne da baƙar kwat, mahaifiyarsa na bayansa cikin baƙin kimono, doguwar rigar gargajiya. Chizuru ta miƙe, ta rusuna har gashinta ya rufe mata fuska.

"Ki yafe mini..."

"Yini ɗaya!" Muryar tsohuwar ta tsinke. "Yini ɗaya na ba ki amana! Ita kaɗai ta rage mini da ke kwana a shimfiɗar marigayi!"

"Mama, haba..."

"Yi mini shiru! Wannan ce za ka damƙa wa gida?"

Ta wuce ɗakin jinya. Tomoharu ya cire kwat ɗinsa ya yafa wa Chizuru, ya durƙusa yana kallon ƙafafunta da suka yi dumu-dumu da taɓo.

"Chizu tawa... a haka kika gangaro?"

"Tomo, in ta mutu, ka rabu da ni."

"Kin fara ko?"

"Da gaske nake. Ba za ta taɓa kallona ba tare da ta ga gawar kyanwar nan ba. Ba zan sa ka zaɓi tsakaninmu ba."

"Wa ya ba ki maganin?"

Sunan na kan harshenta, kuma ta san in ta faɗe shi nauyin zai ragu. Amma wa ya buɗe murfin? Wa ya buɗa gashin ƙeyar Kinako, kyanwar tana gurnanin jin daɗi saboda ta yarda da ita?

"Hannuna ne ya ɗiga," ta ce a hankali. "Ban karanta ba."

"Na ji. Ni ma ba na iya karanta komai in kina wuri." Ya riƙe yatsunta. "Masoyiya, ki daina korata. Ta rayu ko ta mutu, ina nan."

Ta yi dariya cikin hawaye.

"Kai fa ba ka san lokacin wasa ba."

Ba su ji fitowar tsohuwar ba. Tana tsaye, mazubin na tafin hannunta.

"Likita ya ce na kare ne." Ta dubi Chizuru. "Ke kina da kare?"

"A'a."

"A layinmu gida ɗaya ne ke da kare."

Tsohuwar ta daɗe tana juya mazubin, leɓenta na motsi, kamar tana lissafin duk shayin da ta sha da Natsuko, mai karen.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa, da Kinako ba ta ji sauƙi ba."

Kuwabara ta zauna a bencin, ta bar 'yar tazara tsakaninsu. Suka yi jiran tare.

Rana na dab da faɗuwa likitan ya leƙo.

"Jijjigar ta lafa, ta ɗaga kai. Wankin nan da aka yi mata da wuri ya taimaka ƙwarai. Za ta kwana biyu a nan." Ya dubi matan biyu. "'Yan gida kaɗai nake bari su shiga. Ita wannan fa?"

Chizuru ta ja baya, tana sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta miƙe, ta gyara ɗamararta, ta kamo hannun rigar Chizuru ba tare da ta kalle ta ba.

"Surukata ce," ta ce. "Ba mu hanya."