Ƙarar Da Dachung Ya Ɗora

A filin gasar harbi da ke bayan garin London Dachung ya fara ganin Nanret. Shi aikinsa ya tashi ƙaramin jirgi mai kyamara, ya ɗauki maharba daga sama suna gudu suna harbin allunan ƙarfe. Ita nas ce, ranar aka turo ta zaman ko-ta-kwana. Duk harbi ɗaya sai kafaɗarta ta motsa.

Ya miƙa mata abin toshe kunne. "Sannu, 'yar gida. Daga Jos?"

"Daga Mangu. Kai kuma me ya haɗa ɗan Filato da bindiga?"

"Ni daga sama nake kallonta."

Ashe duka a unguwar Thamesmead suke zaune. Bas ɗaya ta mayar da su, wata shida bayan nan kuma ba sa wuni ba su yi magana ba.

"Matuƙina, ka ci abinci ko kana can kana editing ɗin hotuna?"

"Na ci, Nan ɗina. Hoto dubu na duba yau, babu fuskarki, duk banza."

Mahaifinta, Baba Nathaniel, bai so ba. A ƙauyensu 'yan bindiga suka kashe ɗansa Zion ranar kasuwa, a gabansa. Shi Jang yake so mata, wani direban bas mai waƙa a cocinsu.

Dachung ya ga hanya ɗaya ce: tsohon ya ga cewa wasa ne mai doka. Ya tura wa Nanret bidiyonsa mafi kyau. Ta sa a talabijin ɗin falo bayan coci, ba ta fara dubawa ba.

Ƙarar harbin farko ta cika gidan. Baba Nathaniel ya zube bayan kujera, ya ja matarsa ƙasa, yana kiran sunan Zion.

Da yamma saƙon Nanret ya zo masa. "Ka san abin da ya same mu, ka turo wannan. Kada ka kira ni."

Kwana tara bai kira ba. A na goma ya buga ƙofarsu, ya durƙusa a falo. Nanret tana tsaye bakin kicin.

"Baba, na zo in faɗi laifina. Jirgin nan ba ya ɗaukar sauti. Ni nake ɗora ƙarar da hannuna, har in ƙara mata ƙarfi, don masu kallo haka suke so. Na saba har na daina jin ta."

Tsohon ya dube shi. "Wato kai ka harba a gidana."

"Ni ne, Baba."

"Za ka bar aikin?"

"In na ce eh yanzu, don in sami Nanret ne kawai. Ba na so in fara da yi maka ƙarya."

Maman Nanret ta ja tsaki. Baba Nathaniel ya nuna talabijin. "Sa mini shi yadda jirgin ya gani."

Dachung ya sa. Babu ƙara ko kaɗan. Wani mutum ya yi gudu tsakanin alluna, ya tsaya. Alƙalin fili ya matso, maharbin ya cire harsashi, ya buɗe bindigar ya nuna masa cikinta.

"Me yake yi?"

"Doka ce, Baba. Ba mai barin wurin sai ya nuna babu komai a ciki. Wanda ya juya bakinta wajen mutum ko da kuskure, an kore shi."

"Mayar baya."

Sau uku ya kalla.

"Wanda ya harbi Zion, ba wanda ya tsayar da shi ya ce ya nuna," ya ce a hankali. Ya share ido. "Ban son aikinka, kuma ba zan so shi ba. Amma ka faɗi abin da ba wanda zai kama ka da shi. Nanret, har yanzu shi ne?"

"Shi ne, Baba. Ina fushi da shi, amma shi ne."

"Ka turo manyanka."

A watan Yuli aka ɗaura auren a cocinsu na Thamesmead. An bar wa Zion kujera ɗaya a layin gaba, ba wanda ya zauna. Baba Nathaniel ya ɗora hannu a kansu su biyu.

"Ubangiji ya ba ku 'ya'ya, ya sa ku riga su barin duniya. Ku tashi, 'ya'yana."