Kwana Ɗarin Shugaba Pyo

Da jan biro Gil Dowon ya rubuta sunan Shugaba Pyo, a gaban mutane, ranar da ya fara taka garinmu. A wajenmu kowa ya san sunan mamaci ake rubutawa da ja. Shi kuma Shugaba Pyo satinsa biyu ke nan da fitowa daga asibiti, an yi masa aiki a ƙirji.

Ga yadda aka yi. Dowon ya zo Dolgae da ɗan teburi da tulin takardu, ya kafa a bakin filin da muke shanya kifi. Sa hannu yake tarawa, shi da abokan tafiyarsa. In suka haɗa mutum dubu goma sha biyu kafin wa'adi ya cika, dole majalisar jiha ta zauna a kan dokar da suka rubuta: a sa ranar rufe tashar wutar da ke ƙona kwal a ƙetaren ruwa, a shimfiɗa sola a tsofaffin filayen gishiri, a koya wa ma'aikatan tashar sabon aiki kafin a sallame su. Mu ba sai an yi mana bayanin tashar nan ba. In iska ta juyo daga can, shafa kifi da yatsa kawai za ka yi ka ga baƙi.

Haerim, 'yar Shugaba Pyo, ita ta fara zuwa teburin, tana cire safar roba daga hannunta.

"Me ake sayarwa?"

"Iska mai kyau."

"Nawa kilo?"

"Sunanki kawai."

"Ashe tsada gare ta."

Ta ɗauki takardar ta karanta tun daga sama har ƙasa, abin da ba kowa ke yi ba. Tana karanta takarda, shi yana karanta fuskarta. Ta sa hannu, sannan ta kira babanta.

Shekara goma sha tara Shugaba Pyo yana riƙe da ƙungiyar masuntan Dolgae. Mutum ɗari uku da ashirin ne a cikinta, kuma ba sa sa hannu a komai sai sun ga sunansa a sama. Ya zo yana takawa a hankali, ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Hannuna rawa yake tun da na fito asibiti. Rubuta min sunan, ni na dangwala."

Biro biyu ne a kofin da ke kan teburin. Dowon ya zari ɗaya, idonsa na wajen Haerim, ya rubuta da manyan baƙaƙe.

Maman Haerim ta saki kwandon da ke hannunta.

"Yaro, wa ya aiko ka?" in ji Shugaba Pyo. "Likita ya bar ni da saura, kai ka zo ka ƙarasa?"

"Ranka ya daɗe, me na yi?"

"Ku ji shi. Da baki yana daɗar da raina, da hannu yana binne ni."

Ya yage shafin ya cusa a aljihu. Haerim ce kaɗai ta lura cewa yaron bai san laifinsa ba. Ta ɗaga birukan biyu a gaban hancinsa.

"Wanne ne baƙi?"

Ya duba, ya sake dubawa. "Duk biyun."

Ashe tun haihuwa idonsa ba ya raba ja mai duhu da baƙi. Ya yi bayani, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa teburi. Ni ban yarda da camfin nan ba, amma ban taɓa barin wani ya rubuta nawa da ja ba, don haka ban ga laifin tsohon ba da ya ce:

"Ko ciwon ido ne ko mugunta, an riga an rubuta. In na cika kwana ɗari da raina, ka dawo mu yi magana. Kafin nan kada in ga ƙafarka a Dolgae."

Kwana tamanin da biyu suka rage wa takardar.

Akwai lambar waya a ƙasan takardun da ya raba. Bai kai gida ba saƙon Haerim ya shigo.

"Mai kashe mutane da biro, ka sauka lafiya?"

"Ina hanya. Yaya jikin Baba? Faɗa min gaskiya."

"Ya ci shinkafa kwano biyu don haushi. Mama ta ce tun da aka sallamo shi bai ci haka ba. Ko za ka dawo gobe ka sake ɓata masa rai?"

Tun daga ranar babu wanda ya damu da lafiyar Shugaba Pyo a duk jihar nan kamar Dowon. Ya aiko da zuma. Ya aiko da saiwar ƙarin ƙarfi irin mai tsadar nan. Ya aiko da mayafin wuya, wai toka-toka, da aka buɗe sai ga shi kore shar kamar ganyen latas. Tsohon ya ce a mayar, amma ya shanye zumar.

Kullum da safe sai wayar Haerim ta yi ƙara.

"Kwana na goma sha ɗaya. Ya yi tari?"

"Sau biyu. Ni ma na yi atishawa, amma ba wanda ya tambaya."

"Taki a ƙirjina nake jin ta, Ranata, ba sai na tambaya ba."

"Ka iya zance, Jan Biro. Ka karya kuwa?"

Tun da an hana shi Dolgae, sai ya zama a kasuwar birni suke haɗuwa, duk bayan kwana biyar. Ta kai kifi, ta sayar da wuri, ta zo ta tsaya a teburinsa. Ranar farko ta zazzage jakarsa ta kwashe jan biro har bakwai. Ta fi shi iya tare mutane. Shi sai ya fara da zafin duniya da narkewar ƙanƙara, mutum ya gaji ya wuce. Ita kuwa cewa take, "Inna, sau nawa kike goge tagarki a sati?" Kafin tsohuwa ta gama zagin ƙurar kwal ta sa hannu.

Wata rana suna cin wainar wake a rumfa, mai rumfar ta dube su ta ce, "To, yaushe za mu ci taliyar bikin aurenku?"

Dowon ya ƙware da shayi. Haerim ta buga masa baya ta ce, "A hankali, Yaya." Ranar ta fara kiransa Yaya. Ya gaya min daga baya cewa bai san a wace mota ya koma gida ba.

Sai dai akwai Noh Changsik. Shi ne yaron da kamfanin tashar ke turowa garuruwa don a zauna lafiya. Duk bikin girbi shi ke raba kwalayen 'ya'yan itace gida gida, shi ke kawo doguwar motar da ke kai tsofaffi yawon kallon duwatsu, kuma ta hannunsa ake gyara mana injin ƙanƙara. Ya daɗe yana son Haerim, Maman Haerim kuma tana son takalmansa masu ƙyalli. Ya tare ta a bakin gada.

"Haerim, ke mai wayo ce, ban san yadda aka yi ba ki gani ba. Mutum ɗari uku suka rage masa. Ƙungiyar babanki mutum nawa ce? Ke ƙofa ce kawai, abin da yake so yana cikin ɗaki."

Ta ce ya matsa mata ta wuce. Amma maganar ta zauna. Shi kuma Dowon, da yake soyayya ba ta hana wauta, a ranar ya ga damar turo wannan:

"Ranata, saura kwana goma sha biyu. In Dolgae ta shigo mun gama. Ko za ki ɗan lallaɓa mana Baba?"

Amsarta gajeriya ce. "Ashe haka ne."

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba, ba ta je kasuwa ba. Tana juya kifi kamar da shi suka yi faɗa. Babanta yana kallo, har matarsa ta gaya masa abin da ke ciki. Ranar kwana na saba'in da tara ya aika a kira masa Dowon ofishin ƙungiya.

Muna fili da hantsi muna aiki, sai lasifikar gari da ke kan sanda ta yi ƙara. Da ita ake sanar da mu taro da guguwa da rasuwa. Muka ɗaga kai, sai muka ji an ja kujera.

"Zauna," in ji muryar Shugaba Pyo. "Kana neman ɗari uku, ina da ɗari uku da ashirin. Gobe da safe zan jera maka su. Sharaɗi ɗaya: ka goge lambar 'yata a gabana, kada ka sake nemanta."

Duk filin ba wanda ya motsa. Haerim tana tsaye da kifi a hannu.

"Baba..."

"Wa ye babanka?"

"Shugaba. Kusan wata shida ina tsaye a kasuwanni saboda takardar nan. Mutum arba'in ne suke wahala tare da ni, in ta faɗi ban san da wane ido zan kalle su ba. Amma in ta faɗi, baɗi zan sake kafa teburi in fara daga mutum ɗaya. Haerim ba a sake tara ta. Ka riƙe sunayenka."

"Ai ta ma daina kula ka."

"Ta yi daidai, ni na yi wauta. Zan jira."

"To tashi ka ba ni wuri."

Aka sake jan kujera. Sai muka ji Dowon daga ɗan nesa: "Shugaba, ka sha maganin safe kuwa?"

Matan fili suka fashe da dariya. Wasu sun ce mantuwa tsohon ya yi ya bar na'urar a kunne. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana kunna ta yana kashewa ba ya irin wannan mantuwar. Ya yi gyaran murya.

"Jama'ar Dolgae, shugabanku ne. Kun ji da kunnenku, ba sai na maimaita ba. Shekara talatin ina wanke baƙin nan daga jikin kifi ina yin shiru. Likita ya nuna min hoton ƙirjina, na ga inda sauran ya tafi. Zan sa hannu yau. Ba na tilasta wa kowa. Kamfani zai ji haushi, mota da kwalaye za su tsaya, kada wani ya ce ban faɗa ba."

Haerim ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Da gudu ta tafi, da safar roba da komai. A ƙofar ofis ta tarar da shi, ya yi tsuru tsuru, sai lokacin ya gane duk gari ya ji shi.

"Ba a sake tara ni, ko?" ta ce. "Kifi ce ni?"

"Ranata, ki yi haƙuri."

"Yi shiru, Yaya. Ina teburin?"

Ita ta riƙa miƙa biro da hannunta har yamma. Mutum ɗari uku da shida suka sa hannu. Da Maman Haerim ta tuna wa mijinta zancen kwana ɗari, ya ce takarda ce ba ta iya jira, amma yaro zai iya. Haka Dowon ya ƙirga sauran kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ranar kwana na casa'in da tara tsohon ya kira shi a waya, ya yi masa tari mai tsawo, ya kashe. Ranar kwana na ɗari da ɗaya Dowon ya zo da iyayensa, ya ce "Baba", ba wanda ya tambaye shi wa ye babansa.

Majalisa ta zauna a kan dokar lokacin sanyi. Sun rage mata kaifi, kamar yadda suka saba. Ranar rufe tashar sun tura ta gaba da shekara biyar a kan abin da aka nema, amma an rubuta ta, kuma solar filayen gishiri da koyar da ma'aikata sun wuce. Dowon ya ce zai koma neman shekara biyar ɗin. Haerim ta ce sai bayan biki.

Abin da Shugaba Pyo ya faɗa kuma ya faru. Changsik bai sake zuwa ba. Babu kwalaye, babu mota, injin ƙanƙara ya mutu ya yi wata biyu a mace. Mutanen da suka bi layi suka sa hannu, su ne suka fara gunaguni a bayan jiragen ruwa, wai tsoho ya sayar da su don ya samu suruki. Da zaɓen ƙungiya ya zo, kawun Changsik ya tsaya, ya kayar da tsohon. Ranar Talata Shugaba Pyo ya miƙa makullin ofis, ranar Asabar ya miƙa 'yarsa.

A filin shanya aka yi bikin, an kwashe ragogi an jera tebura. Taliya ta ishi kowa, har waɗanda suka kayar da uban amarya sun zo sun ci kwano bibbiyu. Samari suka ɗaure ƙafafun ango suka yi ta dukan tafinsa da busasshen kifi yadda aka saba, yana ihu, amarya tana cewa su ƙara masa tara saboda kwanakin da ya sa ta kuka. Uwar ango ta watsa mata 'ya'yan itace a siket, ta cafe da yawa, aka ce gidan zai cika da yara.

Da suka zo gaishe da Shugaba Pyo, Dowon ya durƙusa ya ƙi tashi.

"Baba, ni na jawo maka."

"Kai? Ba ka kai ba. Da idona biyu na shiga, kuma nawa suna ganin kala." Ya ɗora hannu ɗaya a kan ango, ɗaya a kan amarya. "Ku zauna lafiya. Ku tsufa tare, ku yi faɗa kaɗan, ku shirya kafin shinkafa ta huce. 'Ya'yanku su shanya kifi ba sai sun wanke ba. Tashi, gwiwarka za ta ɓata wandon haya."

Yanzu da safe za ka gan shi a fili cikin mata, zaune a kan kwandon da aka kife, yana juya kifi. In lasifika ta yi ƙara sai ya ɗaga kai ya saurari muryar wani, ya ce mutumin bai iya sanarwa ba, ya ci gaba da aikinsa. Kujerar shekara goma sha tara ce ta tafi a kan auren nan, kuma har yau ban ji ya ce a dawo masa da ita ba.