Wa Ya Zauna A Kujerar Mai Zane?

Sufeto ta tarar da ofishin a hargitse. Mai kamfanin zanen gine-ginen yana tsaye yana nuna 'yar ƙanwarsa, Mai Zane, da yatsa.

"Ita ce! Zanen asibitin da muke neman kwangilarsa, yau ga shi a hannun abokan gabarmu. Ku tafi da ita!"

"Kawu, wallahi ban fitar ba," in ji Mai Zane.

Sufeto ta tsani a yanke hukunci kafin ita ta zauna ta bincika. Ta ce a kira mata mai kula da kwamfutoci.

"Duk aikinmu yana kan babbar kwamfuta, ranki ya daɗe," in ji shi. "Kowa ya sa lambar sirrinsa, foldarsa, wato ma'ajiyar aikinsa, ita kaɗai za ta bayyana masa. Ko mai gida ba ya ganin ta wani."

"Idan mutum ya tashi fa?"

"Tana nan a buɗe har sai ya fita. Bakina ya gaji da faɗa, sai su kashe fuskar kwamfuta su kama gabansu."

Sufeto ta juya kan Mai Zane. "Kina fita idan kin tashi?"

"Kullum."

"Kar ki raina min hankali!"

Mai Zane ta sunkuyar da kai. Da rana takan ruga gida shayar da jaririnta, kuma ba ta tsayawa rufe komai.

"Akwai ranar da kika dawo kika ga wani abu ya canza?"

"Kujerata an ɗaga ta. Linzamin kwamfutar ma yana hagu. Na zaci mai shara ce."

Manaja, ɗan mai kamfanin, ya tarbi Sufeto a ofishinsa da murmushin da bai burge ta ba.

"Ƙanwata ce, amma ba ta da amana," ya ce. "Dubi sakaci ma, ta haɗa zanen asibiti da hotunan jaririnta a wuri guda."

"Ka taɓa zama a teburinta?"

"Ni? Me zai kai ni?"

Sufeto ta sa aka shigo da kowa, ta dubi Manaja. "Shiga da lambarka, ka nuna wa mahaifinka hotunan nan."

Manaja ya jawo linzami da hannun hagu. Ya danna nan, ya danna can. Foldarsa ce kawai a gabansa, kusan ba komai a ciki.

"A ina ka gan su?" Sufeto ta daka masa tsawa.

Manaja ya buga tebur ya miƙe.

"E, ni ne! Baba, kullum ita kake yabo a gaban ma'aikata. Har kana cewa ita za ta riƙe kamfanin. Ni ɗan wa?"

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Mai kamfanin ya biyo Sufeto har bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ranki ya daɗe, maganar gida ce. Na janye ƙarar."

"Ɗazu da kake cewa a tafi da ita, ba 'yar gida ba ce?"

Mai Zane ta koma teburinta, ta kwashe hotunan jaririnta, ta fita daga lambarta, ta ajiye makullin ofis a gaban kawunta.