Muryar da Auta Ba Ta Ji Ba

Auta tana guge rigunan Mama a falo sai ga Goggo ta faɗo, ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "A kashe dutsen gugar nan, da saƙo na zo!"

Goggo yayar marigayi Baba ce, ita ke jagorantar matan addu'a a coci, kuma tun rasuwar Baba, in ta ce "Ubangiji ya faɗa mini", babu mai sake yin tari a gidan.

"Da safen nan ina durƙushe Ubangiji ya yi mini magana ƙarara," in ji Goggo. "Kafintan nan ba mijin Auta ba ne. Zai bar ta."

"Wayyo Goggo! Saura wata biyu biki fa!"

"Da ni kike musu, ko da Ubangiji?"

Auta ta juya wajen Mama tana roƙonta da ido. Shekara uku Kafinta yana zuwa gidan nan neman aurenta. Shi ya gyara ƙofar kicin, shi ya goya Baba zuwa mota ranar da ciwo ya kayar da shi. Amma Mama ƙasa take kallo.

"Na ba ki kwana bakwai," in ji Mama a sanyaye. "Ki shiga addu'a. In kin ji muryar Ubangiji da kunnenki ya ce ki aure shi, shi ke nan. In ba ki ji ba, maganar Goggonki ta zauna."

Auta ta rufe shagon ɗinkinta, ta ɗauki azumi. Ta durƙusa har gwiwoyinta suka yi kanta, ta yi kuka har murya ta dushe, ta kasa kunne. Ban da ƙarar fanka da rediyon maƙwabta, ba abin da ta ji. Rana ta huɗu ta rufe ido, ta buɗe Littafi Mai Tsarki, ta caka yatsa inda ya faɗa. Baiwar Allah, sai ta sauka a kan jerin sunaye, wane ya haifi wane! Ta kifa kai a katifa tana cewa, "Ya Uba, me na yi maka da kake yi wa kowa magana ban da ni?"

Rana ta biyar ta nufi shagon Kafinta. Ta same shi yana goge ƙafar teburin da yake yi wa ɗakinsu, garin katako har a girarsa. Ta ba shi labarin azumin da caka yatsar da ta yi a Littafi.

"Na yanke shawara," ta ce. "Zan ce na ji. Wa zai sani?"

Ya ajiye abin gugar. "Ke za ki sani. Ni ma haka."

"Au, ka fi so ka rasa ni ke nan?"

"Yi haƙuri, Auta, kalle ni mana. Kwana biyar ko abinci ba ya wuce mini. Amma in muka sa wa Allah magana a baki, a kan me za mu kafa gidan?" Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. "Kuma ki daina caka yatsa kamar mai caca. In na turo miki saƙo, daga tsakiya kike tsintar kalma ɗaya?"

Ta fita ko sallama babu. Amma da ta koma gida, ta ɗauko tsohon Littafin Baba, wanda bangonsa ya ɓare, ta zauna ta karanta a jere, tana karatu tana addu'a, har kwana biyun suka cika.

Rana ta bakwai da yamma Goggo ta hakimce a kujerar Baba. "To, me kika ji?"

Kalma ɗaya ce tsakaninta da aurenta, kuma tana kan harshenta. Ta haɗiye ta.

"Ban ji komai ba, Goggo." Hawaye suka ɓalle mata. "Amma na karanta. Na ga an hana ni ƙarya da sunan Ubangiji. Na ga an ce in girmama iyaye, don haka ba zan gudu in bi shi ba. Na ga kuma an ce duk maganar da aka kawo da sunan Allah a gwada ta. Ga Littafin, a nuna mini inda Kafinta ya gaza, ni da kaina zan sallame shi."

Goggo ta juya wajen Mama. "Kin ji ko? Ba ta ji ba! Magana ta ƙare."

Sai kuka ya ƙwace wa Mama. "Yaya, shekara talatin ina addu'a, ban taɓa jin murya ko sau ɗaya ba. Kunya ta hana ni faɗa, na ɗauka ni kaɗai ce kurma a cocin nan. Ashe a Littafin nan yake ta yi mini magana, da shi na yi jinyar ƙaninki har na binne shi." Ta share fuska, ta riƙo hannun Goggo. "Ki gafarce ni, Yaya. Muryar Ubangiji kika ji, ko ciwon da mijinki ya bar miki ranar da ya guje ki?"

Goggo ta daɗe tana kallon Littafin ƙaninta kafin ta ce, murya na rawa, "Tsoro nake ji kada a yi wa yarinyar nan abin da aka yi mini."

Auta ta durƙusa ta rungume ta, su ukun suka yi ta kuka.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren, Goggo ce ma a gaba wajen rawa. Da Auta ta yi ƙaryar nan, da ta sami miji amma ta rasa kwanciyar rai. Wanda duk yake kukan Allah ya yi masa shiru, ya fara duba ko Littafinsa a rufe yake.